Amsa ga mai tambaya kan alamomin HTML da matsayin shafi a Google

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce kana da shafin intanet na shagonka na shadda da atamfa a babbar kasuwar Maradi, kuma wani ya nemi ka biya shi ya zuba maka kalmomi a cikin alamomin HTML, wato lambobin rubutun da ake gina shafin intanet da su, domin ka fito na farko a Google, shi ne kake so ka san ko da gaske alamomin ne ke ɗaga shafi.

Shawarata ita ce kada ka ba shi ko dala a kan wannan aikin. Alamar da yake nufi ita ce meta keywords, kuma tun a watan Satumba na 2009 kamfanin Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da ita wajen jera shafuka, saboda masu shafuka sun daɗe suna cusa mata kalmomin da ba su da alaƙa da abin da suka rubuta. A shafukan 'yan kasuwa da na yi wa gyara a nan garin, na sha tarar da wannan alamar cike maƙil, amma ainihin wurin da ke da tasiri an bar shi fanko.

Wurin kuwa shi ne alamar title, wato rubutun da mai nema yake gani ya latsa. Idan shafinka na ɗauke da "Barka da zuwa" kawai, to ka ɓoye wa injin nema abin da kake sayarwa. Amma idan ka rubuta "Shadda da atamfa a Maradi, sari da ɗai-ɗai", ka faɗa masa kaya da gari lokaci guda, kuma ɗan kasuwar Jibiya ko Katsina da ke neman dillali zai gane ka tun kafin ya shiga. Kowane shafi ya samu nasa take, kuma a taƙaita shi kusan haruffa 60, domin wanda ya wuce haka akan datse shi. Google yakan sauya taken da ya ga bai dace da shafin ba, shi ya sa nake daidaita shi da h1, wato babban kanun da ke cikin shafin.

Meta description, wato taƙaitaccen bayanin shafi, ba ta ƙara matsayi, sai dai takan fito a ƙarƙashin take, don haka a rubuta ta kamar mai yi wa abokin ciniki bayani. Hotunan kaya kuma a cika musu alt, wato rubutun da ke bayyana hoto, da sunan yadin da launinsa, musamman da yake masu sayen tufafi ta hoto suke nema.

Akwai alama guda da ta fi damuna, wato noindex, wadda ke ce wa injin nema kada ya nuna shafin. Masu gina shafi sukan sa ta lokacin da ake cikin aiki, idan kuma aka manta da ita, shafin ba zai fito a sakamakon nema ba ko da an kashe masa jaka ɗari. Ka sa a duba maka wannan kafin komai. Tun da abokan cinikinka wasu da Hausa suke nema wasu da Faransanci, idan kana da shafi a harsunan biyu, alamar hreflang ce ke nuna wa Google wanne zai ba wa wa. Haka kuma a tabbata akwai viewport, alamar da ke daidaita shafi da allon waya, domin yanzu Google yana auna shafi ne da yadda yake buɗewa a waya.

Duk waɗannan bayani kawai suke yi wa injin nema. Abin da ke jan matsayi sosai shi ne rubutu mai amfani kan kayanka da farashinsu, da kuma wasu shafuka da ke nuni zuwa naka. Ka yi rajistar shafin a Google Search Console, kyauta ne, zai nuna maka shafukan da aka ɗauka da kalmomin da mutane ke samun ka da su. Idan ka turo mana taken da ke kan shafin yanzu, zan taimaka a gyara shi, in sha Allah.