Kuɗin Magani Ya Fi Dacewa da Takardun Likita, Ba Aljihun Dillali Ba

Tambaya: Mahaifina tsohon soja ne, muna zaune a Kurna, cikin Kano. Ya baro aiki da ciwon gwiwa, kuma kunnensa na hagu ba ya ji sosai, amma an ce larurar ba ta da alaƙa da aikinsa, don haka ba a ba shi haƙƙin nakasa ba. Wani mutum ya ce in muka ba shi kuɗi zai gyara mana a Abuja. Mu biya shi, ko mu ɗauki lauya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku ba wannan mutum ko sisi, kuma kada ku miƙa masa ainihin takardar sallamar Baba daga aiki, domin idan ta ɓace sai an sha wuya kafin a sake samun kamarta.

Abin da ake dubawa a irin wannan hukunci shi ne ko ciwon ya samo asali daga aikin soja, ko aikin ne ya tsananta shi. Saboda haka, ku fara da neman hukuncin a rubuce tare da dalilinsa, sannan ku tattara duk wata shaida ta zamanin da yake sanye da kaki: katin asibitin bariki, ko da ya yi ja don tsufa, takardar hutun jinya, da sunayen wuraren da aka tura shi. Abokan aikinsa da suka ga lokacin da ya ji rauni za su iya rubuta shaida, kuma ta hannun Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Najeriya reshen Kano za a fi saurin gano su.

A nan ne kashe kuɗi ke da amfani. Ku kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a ɗauki hoton gwiwar, a kuma yi masa gwajin ji a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku roƙi likita ya bayyana a rahotonsa yadda ciwon yake, tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da yake ganin ya jawo shi, domin rahoton da ya tsaya a kan cewa mutum ba ya ji da kyau ba zai sauya ra'ayin kowa ba.

Ku sani cewa tun 2011 aka fitar da sojoji daga tsarin fansho na adashi, don haka ba PenCom, hukumar da ke kula da wannan tsari, za ku nufa ba. Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja da rundunar da ya yi wa aiki ne za ku rubuta wa, ku nemi a sake duba lafiyarsa, ku kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Lauya yana zuwa ne bayan an bi waɗannan matakai ba a dace ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke sauraron ƙararrakin fansho, tana da reshe a Kano, amma ku tuntuɓi lauyan da wuri, domin shigar da ƙara yana iya zama da wa'adi.