Wace tausa ce ta fi? Ga amsarka ɗana

Ɗana na ga saƙonka, wai ka ga bidiyo a TikTok ana ta kiran sunayen tausa kala-kala, ta Suwidin, ta Tailan, ta duwatsu masu ɗumi, kana son sanin wacce ta fi magani don ka koye ta, kuma ko gaskiya ne in tausa ba ta yi zafi ba to ba ta shiga ba. To bari in baka amsa a tsanake.

Wadda ake kira ta Suwidin ita ce tushe, kuma ita nake koya maka tun zuwanka ko da ban kira maka sunan ba. Shafa mai tsawo da mai, hannu na tafiya wajen zuciya, sai murza tsoka, sai ɗan bubbugawa da gefen hannu. Ana danganta ta da wani malamin motsa jiki, Per Henrik Ling, wanda ya buɗe makaranta a Stockholm a 1813. Tana sakin jiki, tana rage damuwa, mutum ya samu barci mai daɗi. Ta Tailan kuwa ba mai, mutum da tufafinshi kwance kan katifa a ƙasa, kai ne za ka riƙa miƙe mishi gaɓoɓi kana lanƙwasawa, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin al'adun duniya a 2019. Shiyatsu ta Japan danna ce da yatsu. Ta duwatsu ɗumi ne kawai ake ƙarawa, mu da muke da gashi da tsumma da ruwan zafi tun kaka da kakanni ba baƙon abu ba ne gare mu. Akwai wata mai laushi ƙwarai ta rage kumburin hannu ko ƙafa, wadda Emil Vodder ya fito da ita wajen 1930, wannan sai wanda ya yi karatunta, kar ka taɓa.

Tausa mai zurfi, wadda ake dannawa har cikin tsoka, ita ce mutanenmu sunka fi nema. Ɗan kabu-kabu da ya wuni bisa mashin, lebura mai dakon buhun albasa, manomin fadama da ya wuni duƙe, ɗan dambe bayan wasa, duk abin da za su ce maka shi ne "danna da ƙarfi". To zurfi daban, ƙarfi daban. Sai ka fara ɗumama tsokar da shafa, sannan ka sa nauyin jikinka a hankali da tafin hannu ko gwiwar hannu, ka tsaya ka jira tsokar ta saki da kanta. In mutum ya riƙe numfashi ko ya ƙanƙame jiki, ka wuce gona da iri, tsokar ƙara ɗaurewa take yi, gobe ya tashi da tsami da tabo. Ɗan tsami na kwana ɗaya ko biyu ba komai, amma ihu ba alamar aiki ba ne. Kuma kar ka danna bisa ƙashin baya kanshi, gefe da gefe ake bi, haka bayan gwiwa da gaban wuya, waɗannan wurare jijiyoyin jini ne.

Amfaninta na gaskiya ga shi: ciwon baya, ciwon wuya da kafaɗa, gajiya, ciwon kai irin na ɗaurewar tsoka, rashin barci. Ƙungiyar likitocin Amurka ma a 2017 ta sa tausa cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga sabon ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne, in mutum ya koma zaman da ya jawo ciwon zai dawo. Ba ta warkar da hawan jini, ba ta warkar da ciwon suga, kuma zancen wai tana fitar da guba daga jiki ko danna tafin ƙafa na gyara ƙoda, kar in ji shi a bakinka, amana ce mutum ya ba ka jikinshi.

Abin da ya fi damuna ka sani shi ne wanda ba a taɓawa. Lokacin zafin nan namu na Maris zuwa Mayu, in anka kawo maka mutum wuyanshi ya sanƙare ga zazzaɓi ga ciwon kai mai tsanani, wallahi kar ka sa mishi hannu, sanƙarau ne ake tsoro, ka tuna abin da ya yi a Sakkwato da Zamfara a 2017, asibiti kai tsaye. Wanda ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓar ta yi zafi tana ciwo, ƙila jini ne ya daskare a jijiya, in ka murza gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu, mutum ya mutu a hannunka. Wanda baki ya karkace ko ɓarin jiki ya mutu yanzu-yanzu, asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin Sifeshal na Sakkwato za a nufa da shi da gaggawa, tausa sai daga baya in masu gashin ƙashi sun ba da izini. Sabuwar targaɗe a bar ta kwana biyu zuwa uku, ƙanƙara a tsumma ake sawa. Karaya ba aikinmu ba ne. Mai suga da ƙafarshi ta daina ji, mai shan maganin tsinka jini, tsoho mai raunin ƙashi, duk hannu mai sauƙi ko ma a haƙura. Mata kuwa mata ke yi musu, balle mai ciki.

Don haka kafin ka buɗe kwalbar mai, tambaya tukuna: ina ke ciwo, tun yaushe, akwai zazzaɓi, wane magani kake sha. Yanke farce, wanke hannu, shimfiɗa mai tsabta ga kowane mutum. Man kaɗanya ya ishe ka musamman da hunturu in fata ta bushe, man zafi kuwa kaɗan, kuma ba a haɗa shi da gashi da ruwan zafi, yana ƙona fata. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka zo da wuri, kafaɗa za mu yi, don har yanzu da babban yatsa kaɗai kake aiki kuma in ka ci gaba haka shi zai fara ciwo kafin ka ƙware.