Tambayi likita: ciwon da ya ƙi tafiya bayan rauni

Tambaya: Likita, na faɗo daga amalanke bara, ƙashin ya haɗe amma da hunturu ya shigo sai gwiwar ta riƙa tsami. Daga Ringim.

Amsa: Ana samun haka. Ka riƙa gasa ta da tsumma da ruwan ɗumi kana motsa ta, in ta kumbura ko ta yi zafi ka je asibiti.

Tambaya: Ɗana ɗan acaba ne, mota ta kaɗe shi a hanyar Hadejia shekara biyu kenan, mai ɗori ya ɗora ƙafar amma har yau yana cewa kamar ana zuba masa barkono a ciki, ko zani ya taɓa wurin sai ya zabura. Tramol yake sha kafin ya tafi gona, yanzu kuma an ce a yi masa sakiya mugun jini ya fita. Wata uwa daga Kafin Hausa.

Amsa: Mama don Allah kar a yi sakiyar nan. Wallahi abin yana ci min rai, a zo mana da ƙafa da ciwo ɗaya an ƙara mata gyambo da ƙarfe mai zafi, wai magani. Babu wani mugun jini. Yadda kika kwatanta ya fi kama da jijiya ce ta taɓu lokacin hatsarin, kamar wayar wuta da ta ɓare, ƙashi ya warke ita tana ta aika saƙon zafi. Ba sammu bane, kuma ba raki yake ba. Ciwon da ya wuce wata 3 kulawarsa daban ce, akwai magunguna irin su amitriptyline da likita ke rubutawa a sha da dare, sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, sai gashin ƙashi da motsa ƙafar kaɗan-kaɗan kullum. Zai iya yiwuwa zafin bai tafi duka ba, amma ya samu barci ya yi nomansa.

Tramol ɗin ne ya fi tayar min da hankali, musamman mai ƙarfin miligiram 225 da ake sayarwa a ɓoye. Jiki yana sabawa, yau ɗaya gobe uku, kuma yana sa farfaɗiya, ki duba a ce yana kan babur ta kama shi. Kar ki ƙwace masa rana ɗaya, a hankali ake ragewa a hannun likita. Ku fara da babban asibiti mafi kusa a yi hoton ƙafar a ga ko ɗorin ya zauna daidai, in da buƙata su tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Na san kuɗin mota ma aiki ne, amma ku je, kar a jira sai an gama girbi.

Tambaya: Haɗin da mai kemis ke ƙulla min a leda yana min aiki a ciwon baya, in ci gaba?

Amsa: A'a Malam. Yawanci diclofenac ne da ibuprofen a tare, suna cin ciki su lalata ƙoda. In ka ga bayan gida baƙi ko ƙafa ta fara kumbura, asibiti a ranar.