Amsa ga uwar da 'yarta ta shiga CI (ajin farko na firamare) bana

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tambayarki ta taɓa ni, don duk mai ɗa a firamare a Yamai da wannan fargabar yake kwana. Kin ce yarinyar shekararta 6, tana zuwa lakwal da ƙafa tare da yayanta ɗan CE2 (aji huɗu), sai sun ƙetare kwalta, kuma ta dawo da alawar da wani mutum ya ba ta a ƙofar makaranta. Kina son ki san abin da za ki koya mata ba tare da kin firgita ta ba, da kuma ko makaranta na koyar da wani abu.

Nasihar baki ba ta zama a kan ɗan shekara 6. Abin da ya maimaita da ƙafarsa da muryarsa shi yake tunawa ranar da ya ruɗe. Saboda haka duk abin da zan faɗa, ku riƙa gwada shi a tsakar gida kamar wasa.

Zancen alawa, gobe ki je da kanki ki tambayi mai gadi da matan da ke tallar abinci a ƙofa, su ne suka san fuskar kowa. Ita kuma ki kafa mata doka: duk abin da aka ba ta, ta kawo gida ba ta buɗe ba, ta faɗi wanda ya ba ta, kuma ba za a doke ta ba. Ki lissafa mata mutum uku kawai da za su iya ɗauko ta, ki ba madam ɗinsu, wato malamar ajinsu, sunayen. Wanda ya zo ya ce "mamanki ce ta aiko ni", ko ta san shi, ta koma wurin madam a kira ki.

Amma wallahi ba baƙon ƙofa ne ya fi hana ni barci ba. Yawancin masu lalata yara sanannu ne: mai shagon unguwa, maƙwabci, mai zuwa koya karatu a gida, ɗan'uwan da aka ba ɗakin zaure. Ba ya farawa da ƙarfi. Yau dala ashirin, gobe aike, jibi "shigo ciki ki karɓi canji". Sai ya ce sirrinsu ne, sai ya ce in ta faɗa mamanta za ta yanka ta. Kuma yarinyar ta yarda, don ta sha ganin an doke ta a kan abin da bai kai wannan ba. Mu ne muka share masa hanya da bakinmu: "babba ya kira ki kin ƙi zuwa?" Ranar da abin ya fito kuma, dangi su taru su ce a rufa asiri, wa zai aure ta in aka ji, ai ɗan gida ne. A tura mutumin ƙauye wata biyu ya dawo yana gaisawa da kowa a bakin masallaci, ita kuwa a bar ta da ciwon, har a riƙa ce mata mai rawar kai. Allah ya isa. Wanda aka rufa wa asiri sau ɗaya, 'yar wani zai koma wa.

Lokacin wanka ya fi dacewa da wannan darasin. Ki nuna mata cewa inda wando da riga suke rufewa nata ne: ba mai taɓawa, ba mai cewa ta nuna, ba mai sa ta taɓa nasa, sai ke in kina mata wanka, ko likita kina tsaye. Ki ba wuraren suna ɗaya da kuka sani ku biyu, don yaron da ba shi da sunan abu ba ya iya kai ƙara. Sannan abu uku a jere: ta ce a'a da ƙarfi, ta ruga inda mutane suke, ta faɗa, in wanda ta faɗa wa bai saurara ba ta faɗa wa wani. Ku gwada ihun sosai. Kuka kaɗai ba ya isa, masu wucewa za su ɗauka 'yar da ta ƙi makaranta ce ubanta ke ja. Ta ce "ba babana ba ne, ku taimake ni!" Yayan ma ki koya masa, maza ba su tsira ba, kuma sun fi ɓoyewa.

In ta taɓa zuwa miki da magana, ki riƙe fuskarki. Kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki ce "me ya kai ki?", daga nan bakin ya rufe ke nan. Ki ce kin yarda da ita, ba laifinta ba ne. In an taɓa jikinta, kada a yi mata wanka, a naɗe tufafin a takarda ba a leda ba, a kai ta asibiti kafin awa 72, don maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki. A karɓi takardar likita, a wuce wurin 'yan sanda. Akwai sashen da ke kula da ƙananan yara, akwai kuma alƙalin yara. Ki sa ido in ta koma fitsarin kwance, ko ta ƙi aike wani shago, ko kika ga kuɗin da ba ke kika ba ta ba.

Kwalta kuma, kada ki dogara da yayan. Yaron da bai kai shekara 10 ba bai iya auna gudun mota ba, ga shi gajere, direba ba ya hango shi. Ranar Asabar ku bi hanyar ku uku, ki zaɓi wuri ɗaya na ƙetarewa inda ake ganin nesa, ban da kwana, ban da bayan faba-faba da ta tsaya ɗaukar fasinja. Su tsaya cak, su dubi hagu, dama, su sake duban hagu, su ƙetare da tafiya ba gudu ba. Ya riƙe ta a wuyan hannu, yatsu suna suɓucewa. Inda ba gefen masu ƙafa, su bi ɓangaren da suke fuskantar motoci. Masu babur ne matsalar, suna fitowa ta hannun da ba nasu ba. In akwai uwaye huɗu ko biyar a layinku, ku raba ranakun rakiya, ya fi komai.

Makaranta, gaskiya abin da take yi kaɗan ne. Ana taɓa tsabta da ladabi, amma malami ɗaya da aji cike maƙil ba zai gwada wa kowa ƙetare titi ba. Inda ake samun gyara shi ne taron CGDES, wato kwamitin kula da makaranta, da na ƙungiyar uwaye ta AME, kuma yawancinmu ba mu zuwa sai ranar da aka kira karo-karo. Ki je ki yi tambaya: wa ke tsaye a ƙofa lokacin tashi? Makewayin mata daban yake da na maza, yana da ƙyaure? Ana barin malami ya tsare yaro shi kaɗai bayan tashi, ko ya aiki 'yan mata gidansa shara da ɗiban ruwa? Wannan na ƙarshen a hana shi ƙiri-ƙiri a gaban darakta.

Ki duba kuma ko ajinta na zana ne. Ba mu manta gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai ta watan Afrilun 2021 ba, yara wajen 20 suka rasu, sannan ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, fiye da 20. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana rumfunan kara ga 'yan rainon da ba su shiga firamare ba, amma 'yan CI har yanzu ana samunsu a ciki. Rumfa tana cinyewa cikin 'yan mintuna, kuma abin da ke kashe yara shi ne ƙofa ɗaya da komawa ɗaukar jaka. Ku nemi ƙofa biyu, tazara tsakanin rumfuna, a nisantar da masu suya da ƙona shara, a riƙa gwajin fita ko sau ɗaya a wata. Ta sani: a bar jaka, a bar takalmi. In wuta ta kama riga kada ta gudu, ta kwanta ta yi birgima. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake zuba mata na minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge baki.

Da damina ki hana su taka ruwan da ke gudu a Gunti Yena ko kowane kwari ko da iya gwiwa ne, da ramukan masu bulo, da wayar lantarkin da ta faɗo.

Lambar wayarki takwas ce, ki mayar mata da ita waƙa biyu-biyu, ki rubuta ta a cikin jaka, kada ki rubuta sunanta a waje inda kowa zai karanta ya kira ta da shi. Yayan ya haddace 17 ta 'yan sanda da 18 ta 'yan kwana-kwana.