Taswirar da aka rubuta wa shekarar 1630: ta asali ce ko kwafi?

Tambaya: Na ga wata taswirar duniya a wurin mai sayar da kayan tarihi, an zana duniya cikin da'ira biyu, an ƙawata gefenta da hotunan mutane da dabbobi, kuma akwai sunan Hondius da shekarar 1630 a jikinta. Mai kayan ya ce da hannu aka yi mata launi, don haka ta asali ce. Shin maganarsa hujja ce?

Amsa: Maganarsa ba hujja ba ce, ko da kuwa gaskiya ya faɗa game da launin. Taswirorin wancan zamani, wanda Turawa ke kira zamanin barok saboda yawan adonsa, ba da hannu ake zana su ɗaya bayan ɗaya ba. Ana sassaƙa zanen ne a juye a kan farantin jan ƙarfe, a cusa tawada cikin ramukan sassaƙar, a goge saman farantin, sannan a danne shi da takarda mai ɗan laima. Abin da ke fitowa baƙi ne da fari kawai. Launi aiki ne na daban da ake biya wa kuɗi na daban, kuma akwai masu wannan sana'a a Amsterdam, irin su Dirk Jansz van Santen wanda ya yi suna wajen amfani da ruwan zinariya. Saboda haka ana samun taswirar asali da ba a taɓa sa mata launi ba, ana samun ta asali da aka yi wa launi shekaru ɗari uku bayan buga ta, ana kuma samun kwafin da aka buga bara wani ya bi shi da burushi da hannunsa.

Shekarar ma ba ta raba gardama, domin mai kwafi yana ɗaukar hoton komai har da ita. Taswirar da ka kwatanta ta Henricus Hondius ce, mai hotunan mutum huɗu a kusurwoyinta: Julius Kaisar na Roma, da masana taswira Ptolemy da Mercator, da Jodocus Hondius mahaifin mai taswirar. Taswira ce da ake yawan kwafa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai saye ya yi taka-tsantsan.

Takardar ce za ta gaya maka gaskiya. Ka nemi izini ka ɗaga ta zuwa haske. Takardar ƙarni na 17 da tsummokara aka yi ta, kuma da hannu, shi ya sa za ka ga siraran layuka a jere a cikin jikinta, wasu masu ɗan tazara sun ratsa su, wani lokaci har da tambarin masana'anta. Duk wanda ya taɓa duba tsohon rubutun hannu na malamanmu a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku ya san abin da nake nufi. Daga nan sai ka shafa gefen zanen da yatsa a hankali, domin farantin yakan bar ɗan gurbi a kewaye inda ya nutse cikin takardar. Galibin waɗannan taswirori daga cikin manyan littattafai aka ciro su, don haka akwai lanƙwasa a tsakiya, kuma sau da yawa akwai rubutun Latin ko Faransanci ko harshen Holan a bayansu. Idan ka sa gilashin ƙara girma ka ga layukan sun watse sun zama ƙananan ɗigo-ɗigo, to injin zamani ne ya buga, magana ta ƙare.

Sai kuma koren launi, wanda a ganina ya fi sauran launuka tona asiri. Da tsatsar jan ƙarfe ake haɗa koren wancan zamani, kuma yana cin takarda sannu a hankali, har ka juya bayanta ka tarar da inuwa mai ruwan ƙasa daidai wuraren da aka shafa shi. Bayan da ya fito fes bai tabbatar da jabu ba, amma yana nuna cewa mai yiwuwa launin sabo ne. Takardar da ta yi ja bai ɗaya kuwa, daga wannan gefe zuwa wancan, sau da yawa ruwan shayi aka jiƙa ta da shi.

Kada kurakuran da ke cikin taswirar su sa ka zarge ta, domin na zamaninta ne. Za ka ga Kalifoniya a matsayin tsibiri, kuskuren da ya bazu tun daga wajen 1622, bai kuma gushe nan take ba ko bayan da ɗan mishan Eusebio Kino ya nuna a farkon ƙarni na 18 cewa ana isa can ta ƙasa. A taswirorin Afirka na lokacin, kamar ta gidan buga taswira na Blaeu, ana ganin Cano da Cassena da Zegzeg da Zanfara da Guber, wato Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, sunayen da aka samo daga littafin matafiyi Leo Africanus da aka buga a Venis a 1550. Masu zana su sun kuma sa Kogin Kwara yana gangarawa yamma zuwa teku, alhali gabas yake tafiya a can, kamar yadda Mungo Park ya gani a Segu a 1796.

Kwafin da aka yi wa launi da hannu ba abin raini ba ne, matuƙar an sayar da shi da sunansa da kuma farashinsa. Don adon ɗaki ma ya fi dacewa, saboda hasken rana da ƙurar hunturu da laimar damina duk suna lalata tsohuwar takarda. Amma idan kuɗin ta asali ake nema a hannunka, ka sa a cire ta daga firam ka ga bayanta, ka auna faɗi da tsawon zanen ka kwatanta da na bugun asali da manyan ɗakunan karatu suka ajiye, sannan mai kayan ya rubuta maka a takarda cewa bugun ƙarni na 17 ce, tare da sharaɗin mayar da kuɗi idan masani ya ce ba haka ba ne. Idan ya ƙi a buɗe firam ɗin, ka biya kuɗin kwafi ko ka bar masa kayansa.