Alhaji ya zuba kuɗi, ni na rubuta labari: fim ɗin na wane ne?

Wani matashi daga Kano ya aiko da tambaya. Ya rubuta labari a kan 'yan mata masu talla da halin da iyayensu zawarawa ke ciki, shi ne kuma darakta. Wani attajiri ya ba shi naira miliyan 6 da baki, ya ce idan an samu riba a raba. Kuɗi sun ƙare aiki na rabi. Yanzu mai wata tashar YouTube ya ce zai ƙarasa, in dai fim ɗin ya zama na tasharsa, Alhaji kuma ya ce ai fim nasa ne tunda da kuɗinsa aka yi. Matashin yana tambaya ko zai iya sa hannu.

Ɗan'uwana, kada ka sa hannu tukuna. Ba ka riga ka tabbatar cewa abin da kake shirin sayarwa naka ne kai kaɗai ba.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, tana ɗaukar wanda ya tsara aka yi fim a matsayin mai shi, sai idan an yi yarjejeniya saɓanin haka. Wato furodusa take nufi. Zama darakta kaɗai bai ba ka fim ba, haka ma zuba kuɗi kaɗai bai ba Alhaji ba. Alƙali zai duba wa ya ɗauki 'yan wasa, wa ya yi hayar kyamara, wa ya biya masu aiki, da sunan wa aka nemi izini. Idan kai ka yi waɗannan, hujjarka ta fi ƙarfi, don haka ka tattara rasidai da saƙonnin WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki tun yau. Rubutaccen labarin kuwa naka ne, domin doka ba ta yarda haƙƙin mallaka ya sauya hannu ba sai da rubutu, kai kuma ba ka rubuta wa kowa komai ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne matsayin miliyan 6 ɗin nan. Idan bashi ne, za ka biya ko fim ya faɗi ko ya tashi, Alhaji kuma ba shi da rabo a riba. Amma maganar "a raba riba" ta fi kama da ƙiradi a fiƙihun Malikiyya: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi, asara kuma ta hau kan dukiya muddin mai aiki bai yi sakaci ko ha'inci ba. Ba a haɗa biyun. Mai kuɗi ba zai ce uwar kuɗinsa lamuni ce a wuyanka, sannan ya nemi riba ba. Na ga yadda rashin fayyace wannan ke raba zumunci, musamman a irin fim ɗinka da ba waƙa da rawa za su ja masa 'yan kallo ba, kuɗinsa kuma a hankali suke dawowa, in ma sun dawo.

Shawarata ka je wurin Alhaji da dattijon da yake jin nauyinsa, ku zauna a rubuta. A faɗi kuɗin da ya bayar, kason kowa, wa ke da ikon ƙulla ciniki, da kuma me ake kira riba: bayan an cire me da me? Hanya mafi tsabta ita ce ku yi wa fim ɗin kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a mayar da haƙƙin fim ga kamfanin, kowa ya riƙe hannun jarinsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Idan sulhu ya ƙi, rigimar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce ke saurarenta, kuma kafin a yanke hukunci yaran da ke cikin fim ɗin sun girma, ba za ka iya ƙarasa ɗauka da su ba.

Game da mai tasha, kada ka sayar masa da fim ɗungurungum. Haƙƙin fim yana kai shekara 50 daga fitowarsa, bai kamata ka sallama shi a kan kuɗin ƙarasa aiki ba. Ka ba shi lasisi na shekara biyu ko uku, a YouTube kaɗai, da kaso sananne da damar ganin lissafin tashar, tunda kuɗin talla asusunsa suke shiga. Ka riƙe talabijin irin su Arewa24, da sinima, da ƙasashen waje. Ka kuma sa sharaɗin cewa ba zai saki fim ba sai bayan bukukuwan baje kolin fina-finai, domin da yawansu ba sa karɓar abin da ya riga ya yaɗu a intanet. Fim mai nuna rayuwar talaka a bukukuwa irin su Zuma na Abuja ko FESPACO na Wagadugu yake samun suna, sunan kuma ke jawo masu saye.

Sai maganar yaran, wadda ta fi damuna. Idan 'yan talla na gaske ka ɗauka, kana buƙatar rubutaccen izinin iyaye ko waliyyi ga duk wadda ba ta kai 18 ba, a karanta musu da Hausa, su san inda za a nuna fuskar 'yarsu. Idan labarin wata mata ce da unguwa za ta gane, sauya suna kaɗai ba zai kare ka daga ƙarar ɓata suna ba, wanda laifi ne a sashe na 391 da 392 na kundin dokar laifuka na Penal Code. Ka sauya unguwa da sana'a da duk abin da zai nuna ta, ko ka nemi yardarta a rubuce.

Kafin fim ya fita ko da a YouTube ne, ka kai shi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda rashin tantancewa, sannan ka nemi shaidar hukumar tarayya idan za ka nuna shi a wasu jihohi. A rubuta a takardarku da mai tasha wa zai biya kuɗin tacewar, da wanda zai ɗauki nauyin sake gyara idan hukuma ta ce a yanke wani wuri.