Wata uku da haihuwa, jiki bai koma ba

'Yar'uwa, kin ce wata uku da haihuwarki amma ƙibar ta ƙi sauka, ko ki fara shan shayin rage ƙiba? A'a, kada ki sha, balle kina shayarwa. Mace mai matsakaicin jiki kan ƙara kilo 11 zuwa 16 lokacin goyon ciki, wanda ke fita ranar haihuwa kuwa bai wuce kilo 5 ko 6 ba. Sauran sai a hankali, wata 6 har shekara.

Ni dai da na rage kunu mai sukari na fara tattaki, sai jikina ya fara sauka. Amma in ƙafafunki na kumbura, numfashi na sarƙewa idan kin kwanta, wannan ba ƙiba ba ce. Ki bar kunun kanwa, ki je asibiti a duba zuciyarki.